Na'urar CD da ta daina karanta faifai: yadda bincike ya wanke ido daga zargi

Na'urar irin ta ajiyewa a kan tebur ce, mai tire ɗaya, ƙirar shekarun 1990. Ƙorafin da aka kawo ta da shi gajere ne: a sa faifai, tire ya rufe, ta yi ɗan motsi a ciki, sai allonta ya rubuta NO DISC, wato babu faifai. Mai ita ya riga ya yanke hukunci tun kafin a kwance ko da sukuru ɗaya. "Malam, ido ne ya mutu, an faɗa mini. Ka nemo sabo ka sa kawai."

Wannan hukunci ba shi kaɗai yake yanke shi ba. Kusan duk na'urar da ta ƙi karanta faifai, ido ake fara nuna wa yatsa, wato ɓangaren nan mai ɗauke da leza da gilashin da ke leƙon ƙasan faifai. Gaskiya ne leza takan tsufa, amma rubutun NO DISC ba ya nufin leza ta mutu. Abin da yake nufi kawai shi ne ƙwaƙwalwar na'urar ta bi matakan da ta saba bi, ta jira sakamako, lokacin jira ya ƙare ba ta samu ba. A wane mataki aka tsaya, allon ba ya faɗa.

Tarihin ciwon

Da na ja shi da tambaya, sai labarin ya faɗaɗa. Ba dare ɗaya abin ya faru ba. Da farko na'urar takan daɗe kafin ta nuna yawan waƙoƙin da ke kan faifai. Daga baya ta fara tsalle, kuma ya lura tsallen ya fi yawa a waƙa ta farko da ta biyu. In ta samu ta wuce su, sai ta tafi lafiya. Sannan ta koma yau ta karanta gobe ta ƙi, har ta daina gaba ɗaya. A tsakanin nan ya sa mata faifan nan mai ƙananan gashi da ake cewa yana share ido, bai ga canji ba. Wani mai gyara kuma ya taɓa buɗe ta, ta ɗan yi aiki na wani lokaci, ta sake komawa gidan jiya.

Maganar tsalle a waƙoƙin farko na riƙe ta da kyau, domin tana da ma'ana. Faifan CD daga ciki ake fara karanta shi zuwa waje, saɓanin faifan garmaho. Kuma tsarin da Sony da Philips suka fitar, wanda ya shiga kasuwa a 1982, ya tanadi cewa layin bayanai zai riƙa wucewa a kan ido da gudu ɗaya, mita 1.2 zuwa 1.4 a daƙiƙa. Tunda da'irar ciki ƙarama ce, dole faifan ya yi juyi kusan 500 a minti a farko, ya riƙa sassautawa har ya sauko kusan 200 a bakin waje. Ke nan aikin moton da ke juya faifai ya fi nauyi a farkon faifai. Raunin leza bai cika zaɓen waƙa ba, ya fi zaɓen faifai: ya karanta na kamfani, ya ƙi wanda aka kwafa. Ciwon da ya tsananta a ciki ya yi sauƙi a waje, moto yake nunawa.

Kafin buɗewa na gwada ta da faifan kamfani mai tsabta, wanda na san lafiyarsa. Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Tsofaffin na'urori da yawa ba sa karanta CD-RW sam, wato faifan da ake iya gogewa a sake kwafa a kai, saboda hasken da yake mayarwa bai wuce kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari ba, alhali faifan kamfani yana mayar da kashi 70 ko fiye. CD-R, faifan da ake kwafa a kai sau ɗaya tak, in ba a rufe rubutunsa ba bayan kwafa shi ma ba zai karantu ba, haka faifan da aka zuba wa MP3, haka DVD, wanda ke buƙatar jar leza mai nanomita 650 (ma'aunin tsawon zangon haske). Da faifan gwajin ma NO DISC ta rubuta.

Abin da ke faruwa bayan tire ya rufe

Na cire filogi daga wuta, na ɗage murfi, na lura da inda wayar wuta da taransifoma suke don kada hannu ya kai wurin, sannan na mayar da wuta na zuba ido.

Yawancin na'urori tsari ɗaya suke bi. Tire ya shige ya danna wani ƙaramin makunni da ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an rufe. Injin ya ɗago, faifan ya zauna a kan ɗan farantin da ke bisa sandar moto, marfi mai maganaɗisu ya danne shi daga sama. Keken da ke ɗauke da ido ya ja baya zuwa tsakiya har ya taɓa makunnin iyaka. Leza ta kunna. Gilashin ido ya yi sama ya yi ƙasa, sau biyu ko uku, yana neman daidai nisan da haske zai tattaru a kan faifai. Idan ya samu, sai a ba moto umarni ya juya. Idan gudun ya daidaita kuma ido ya kama layi, sai a karanta jadawalin faifan, wanda ke can ciki kafin waƙar farko, mai ɗauke da yawan waƙoƙi, da inda kowace ta fara, da tsawon faifan duka. Sai wannan ya kammala lambobi suke fitowa a allo. Kowane mataki yana jiran na gabansa, don haka wurin da jerin ya katse shi ne wurin fara tono.

Ba tare da faifai ba, komai ya tafi yadda ya kamata. Tire ya shige da ƙarfinsa, bel ɗinsa bai saki ba. Keke ya koma tsakiya ya tsaya ba tare da ƙarar haƙoran giya ba, alamar makunnin iyaka yana aiki. Gilashi ya yi rawarsa sama da ƙasa. Leza kuwa, haskenta na nanomita 780 ne, yana gefen abin da idon mutum ke iya gani, ɗan jan ɗigon da ake hanga bai kai ko kusa da ainihin ƙarfinta ba. Saboda haka ba a leƙa ta kai tsaye. Na kara kyamarar waya daga gefe, ɗigon ya fito sarai a fuskar wayar. Wannan ya nuna tana kunnawa, bai nuna ƙarfinta ya isa ba.

Da aka sa faifai ne abin ya fito fili. Gilashi ya ɗago sau ɗaya, bai sake sauka ba, aka ji wannan siririn sautin "tsss" da ido ke yi idan ya riƙe faifai. Faifan ya yi firgigit, ya juya kamar rabin zagaye, ya tsaya cik. Ya sake yunƙurawa, ya sake tsayawa. Sai gilashi ya saki, allo ya rubuta abin da ya saba.

Yaron da ke koyon aiki a wurina yana tsaye, ya ce, "Maigida, ai ba ta ga faifan ba ne shi ya sa ta ƙi juya shi." Na ce ya sake kallo. Da ba ta gan shi ba, da gilashin ya gama hawa da saukarsa ya haƙura, faifan ko motsi ba zai yi ba. Akwai ƙirar da ke ɗan harba faifai kafin ta nemi haske, shi ya sa motsin faifai kaɗai ba hujja ba ce, amma a nan gilashi ne ya fara tsayawa, sannan motsi ya biyo. Ta gani, ta ba da umarnin juyi, wanda aka umarta ne ya gaza.

Na sake rufe tire, daidai lokacin da faifan ya yunƙura na taɓa gefensa da yatsa na ɗan tura shi. Sai ya ɗauka, ya yi gudu, lambobi suka fito: yawan waƙoƙi da mintuna. Waƙar farko ta fara, tana yi tana sarƙewa. Na kai bayan yatsa kan ƙaramin guntun lantarkin da ke ba motocin wuta, na ji ya yi zafin da ba a iya barin yatsa a kai.

Moto

Na kashe wuta, na cire dalmar waya ɗaya ta moton don in raba shi da sauran allon lantarkin na'urar, na sa mitar awon wuta a ma'aunin om, wato awon yadda abu ke tare wuta, ina juya farantin a hankali da yatsa. Lafiyayyen moto irin wannan yakan nuna om goma da wani abu, ya riƙa ɗan motsi kaɗan yayin da ake juyawa. Wannan kuwa a wasu wurare ya nuna haka, amma da an kai wani gurbi sai awon ya faɗi ƙasa da om 3. Na jona masa batir ɗaya mai volt 1.5: daga wani gurbin ya tashi, daga wani ya ƙi sai an tura.

Dalilin sananne ne. A cikin moton akwai wasu siraran yatsun ƙarfe da ke goga a jikin zoben da aka raba gida uku, ta nan wuta ke shiga naɗin waya. Shekara da shekaru suna goga, garin ƙarfe yana zuba, yana haɗuwa da man da ya zirara daga bakin sanda, ya cike tsagin da ke raba gidajen zoben. Sai wuta ta samu gajeriyar hanya, ta riƙa tsallakewa ba ta bi ta naɗin ba. Moto ya rasa ƙarfin tashi, yana kuma zuƙar wuta fiye da kima, abin da ya sa guntun da ke ciyar da shi yake ƙuna. Ƙari a kan haka, guntun nan ɗaya shi ke ba naɗin gilashin ido wuta, don haka duk lokacin da moto ya fizgi wuta, riƙon da ido ya yi wa layi yakan girgiza. Tsallen waƙoƙin farko ke nan.

Akwai dabarar da ake yi: a fesa ruwan wanke makunni ta ramukan bayan moto, a ba shi wuta mai ɗan yawa daga waje na 'yan daƙiƙoƙi don ya watsar da dattin. Takan yi aiki, kuma na yi ta a nan don tabbatar da zargi. Bayanta faifan ya tashi da kansa. Amma ban ɗauke ta gyara ba. Yatsun da suka cinye ba sa dawowa, kuma na'urar da aka sallama a haka tana nan tafe.

Sauya moton ba wuya, wuyar tana wurin farantin da ke kansa. Matse shi aka yi a kan sanda, ba sukuru, kuma tsayin da aka ajiye shi ba na ganin dama ba ne. Gilashin ido yana rataye ne a kan siraran wayoyi, naɗin waya da maganaɗisu suna ɗaga shi suna sauke shi, irin yadda takardar lasifika ke motsi. Iyakar tafiyarsa kaɗan ce, kuma a cikinta ne zai bi lanƙwasar faifai yana riƙe da nisan da kuskurensa bai wuce 'yan maikiromita ba (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). In faranti ya sauka ko ya hau da rabin milimita, gilashi zai koma aiki a ƙarshen iyakarsa, ko ma ya kasa kaiwa. Da yawa daga na'urorin da aka ce idonsu ya mutu, wani ne ya danna farantin da hannu ko aka ɗora nauyi a kai ya zame ƙasa. Saboda haka kafin in taɓa komai na auna ratar da ke tsakanin ƙasan faranti da ƙarfen da moto ke ɗaure a jiki, na yanko ɗan roba mai kauri daidai da ita. Na ɓanɓaro farantin daga ƙasa ta gefe biyu a lokaci guda don kada ya fashe. Sabon moton na tabbatar tsawon sandarsa ɗaya da na tsohon, domin ana samun masu jiki iri ɗaya da sanda daban. Wajen mayar da faranti na tokare gindin sandar daga ƙasa, na danna har ya zauna a kan robar awon, na zare ta. Wayoyin biyu na mayar da su yadda suke. In aka juya su faifai zai juya baibai, a koma NO DISC.

Aka kunna, faifai ya tashi da kansa, jadawali ya fito cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Abin da mai gyaran farko ya bari

Da a nan aka tsaya da mai na'ura ya yi murna, amma tun da na ɗage murfi na ga wani abu a jikin ido. Akwai ɗan ƙaramin abin murɗawa a gefensa wanda kamfani ke saita ƙarfin leza da shi, ya ɗiga masa fenti don kada a taɓa. Fentin a fashe yake, ga sawun sukurudireba. Wanda ya buɗe ta a baya ya ƙara wa leza wuta. An bar jaki ana dukan taiki. Na fahimci abin da ya ja shi: ƙarin haske yakan sa ido ya ƙara jure girgiza, na'ura ta yi kamar ta warke na ɗan lokaci. Sai dai kuɗin wannan sauƙin daga rayuwar leza ake cire shi, kuma murɗawa kaɗan fiye da kima tana iya kashe ta nan take.

Yadda za a gane ko ta cutu yana buƙatar ɗan bayani. A cikin kwanson leza akwai wani ƙaramin mai auna haske da ke kallonta daga baya. Da'irar da ke ciyar da ita tana duban wannan awo, in haske ya ragu ta ƙara wuta, don hasken ya tsaya wuri ɗaya. Ke nan leza mai tsufa ba dushewa take fara yi ba, cin wuta take ƙarawa. Wasu idanun, musamman ƙirar Sony, ana buga musu adadin wutar da suka ci ranar da aka saita su a jikin takardar da ke manne da su, lambobi uku na ƙarshe. Wannan idon yana da irin takardar, ta nuna miliamfiya 48. Wutar tana bi ta wata resista, ɗan abin da ke rage wuta, mai om 10 a kan allon lantarki, don haka auna volt a kanta ya isa: na samu 0.56, wato miliamfiya 56.

Wannan ƙari ya wuce kashi 10 cikin ɗari da littattafan gyara suka saba ɗauka a matsayin iyaka. Amma abu biyu ne ke iya kawo shi, tsufa ko murɗawa, kuma mita kaɗai ba za ta raba su ba. Abin da zai raba su shi ne a mayar da wutar inda take a asali, a ga ko hasken da ke dawowa daga faifai ya wadatar. Na ɗaura abin sauke tsayayyar wutar jiki a hannu, domin ɗan tartsatsin da mutum ba ya ko ji yana kashe leza. Na jona osiloskof, na'urar da ke zana siffar saƙon lantarki a allo, a wurin gwajin da aka rubuta wa RF, inda saƙon faifai ke fitowa ɗanye. Hoton da ke bayyana a nan kamar raga yake, layuka sun sarƙe suna barin ramuka masu siffar lu'ulu'u a tsakiya. Tsayin ragar yana nuna ƙarfin haske, tsabtar ramukan tana nuna ko ido yana gani sarai. Na yi wa abin murɗawar alama da alƙalami, na riƙa mayar da shi kaɗan-kaɗan da sukurudireban roba, ido ɗaya a kan mita. Da ta sauko 0.48, ragar ta tsaya a kusan volt 1.1, cikin abin da littafin na'urar ya nema. Leza lafiyarta ƙalau.

Ramukan ragar dai sun ɗan yi hazo, sai na koma kan gilashi. Da fitila daga gefe aka ga wani shuɗi-shuɗin dusashe a kansa, irin wanda hayaƙi da maiƙon iska ke bari. Faifan sharewa ba ya cire wannan, gashinsa ƙura kawai yake kaɗewa, wani lokacin ma ya bugi gilashin. Na jiƙa tsinken auduga da sinadarin aisofurofil, na matse shi har ya kusa bushewa, na shafa a hankali daga tsakiya zuwa gefe ba tare da dannawa ba, na bi da busasshe. Na hura iska da ɗan famfon roba ta ƙarƙashin gilashin, inda madubin da ke karkato haske yake. Ramukan suka buɗe.

Tsalle na biyu

Na bar faifai mai tsawo yana yi daga farko. Ya wuce minti arba'in lafiya, sai ya maƙale yana maimaita wuri ɗaya, sannan ya yi tsalle gaba. Na mayar da shi baya, ya sake yi a daidai wurin. Na sa wani faifan, shi ma a kusan wannan lokacin. Tunda faifai biyu sun yi tuntuɓe a nisa ɗaya daga tsakiya, ba faifan ba ne.

Tazarar layi da layi a faifan CD maikiromita 1.6 ce, kuma layin guda ɗaya ne da ya naɗe ya kai kusan kilomita 5. Gilashi ne ke bin sa da ɗan motsin gefe, in ya kusa ƙure iyakarsa sai moton keke ya ɗan matsar da ido gaba ɗaya. In keke ya cije, gilashi zai ci gaba da miƙewa har ya kasa, ya koma baya, wutar da ke tura keke ta taru ta fizge shi da ƙarfi ya wuce wuri. Da na kashe wuta na tura keken da hannu, na ji inda yake cijewa. Tsohon giris ya daskare a kan sandar da yake zamewa a kai, ya zama kamar danƙo, ya fi taruwa ta wajen ƙarshe inda keke bai cika zuwa ba. Na wanke sandar da haƙoran giya tas, na ɗiga ɗigo ɗaya na mai marar kauri a sanda, na shafa giris ɗan kaɗan irin wanda ba ya cin roba a haƙoran. Yawan mai a nan ɓarna ne, ƙura yake tarawa, kuma yana iya fantsama kan gilashi. Siririyar wayar nan mai faɗi da ke bin ido duk inda ya je, na duba lanƙwasarta da gilashin ƙara girma, domin takan tsage a ciki ta kawo irin wannan tsallen a wuri ɗaya. Babu tsaga. Na zare ta, na goge bakinta, na mayar.

Bayan haka faifan ya tafi daga farko har ƙarshe. Na gwada tsallaka waƙoƙi gaba da baya, na gwada ta da sanyinta da kuma bayan ta ɗauki zafi, na ɗan ƙwanƙwasa gefen akwatin tana cikin yi, ba ta sarƙe ba. Guntun da ke ƙuna ɗazu yanzu ɗumi kawai yake. CD-R da aka rufe da kyau ta karanta shi, CD-RW ta ƙi, kuma haka aka ƙera ta.

Cikin faya-fayan da mai ita ya haɗo da su, biyu sun ci gaba da tsalle, sai na nuna masa dalili. Ɗaya an goge shi ne da zagaye, ƙarcen ya bi layi. Tsarin gyaran kuskure na CD yana iya cike giɓin da ya kai kusan milimita 2.4 a tsawon layi, don haka ƙarcen da ya ratsa daga tsakiya zuwa baki bai cika damunsa ba, amma wanda ya kwanta a kan layi yana cinye fiye da haka. Shi ya sa ake goge faifai daga rami zuwa waje. Wannan ana iya rage masa ƙarcen da gogewa, tunda ta ƙasa akwai roba mai kaurin milimita 1.2 tsakanin ƙarce da bayanai. Na biyun ta saman ya ji rauni, ɓangaren rubutu, inda fatar alminiyom ke kwance ƙarƙashin ɗan siririn fenti kawai. Da na ɗaga shi a gaban fitila haske yana ratsowa ta ƙananan huji. Bayanan da ke wurin sun tafi, na ce masa ya kwafe abin da kwamfuta za ta iya cirowa daga ciki tun kafin hujin ya ƙaru.